Ranar da Kuka Kira Sunan Yayana a Lasifika

Zuwa ga Shugabar shirin wayar da kan jama'a game da lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda ya kafa rumfa a unguwarmu ta Zongo, Kwatano.

Assalamu alaikum, Madam. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ke da ma'aikatanki kuna lafiya.

Sunana Nasiru, ɗan zem ne ni, wato mai haya da babur. Karatuna na lakwal, wato boko, bai wuce aji huɗu ba, Faransancina na ciniki da fasinja ne, shi ya sa na rubuta da Hausa. Kuna da tafinta, na ga aikinsa. Ya karanta miki.

Wata Asabar da safe, Sallar Layya ta matso, na fito da babur na tarar an kafa farar rumfa a bakin titi kusa da masallacinmu, an jera kujerun roba. Na tsaya. Har ga Allah na ji daɗi, domin allurar yara da gidan sauro kaɗai ake kawo mana, ba a taɓa zuwa Zongo da maganar ciwon ƙwaƙwalwa ba. Masu goro sun zo, mahauta sun zo, da dillalai, da Fulanin da suka sauko daga arewa da raguna. Yayana yana can baya a tsaye. Neman wani baƙonsa ne ya kawo shi, ba taronku ba.

Wata ma'aikaciyarku mai farar riga ta hango shi. Ta san shi a asibiti. Ta yi murmushi, ta kira sunansa a lasifika har da na mahaifinmu, ta ce ya matso gaba. Ta gaya wa jama'a cewa wannan bawan Allah ya yi taɓin hankali, ya sha magani a wurinku, ga shi ya warke yana sana'arsa, kowa ya yi koyi da shi. Tafinta ya maimaita da Hausa, bai rage komai ba. Ta ce a tafa masa, aka tafa. Yaya bai matso ba. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar, ya juya ya nufi gida.

Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Wanda kuka faɗa ya isa.

Na ɗaya. Yaya dillalin dabbobi ne. Ba shi da shago, ba shi da kaya. Bafulatani zai taso daga daji da ragunan da ya yi shekara yana kiwo, ya sauka a hannunsa, ya kwana a zaurenmu, ya bar masa dabbobin ba takarda ba shaida, ya tafi masallaci. Abin da yake riƙe wannan sana'a shi ne a ce wane mutum ne mai hankali. Shi ke nan jarinsa. Ma'aikaciyarku ta ɗauki wannan jari ta taka shi a gaban baƙinsa, a lokacin da dillali yake samun abincin shekara, tana murmushi.

Na biyu. Ba ki san wahalar da muka sha kafin ya taka ƙofarku ba. Ciwon ya fara ne bayan rasuwar ɗansa na fari. Ya daina barci, ya daina ci, yakan zauna yana amsa wa wanda ba ma gani. Innarmu ta yi rubutu, ta yi hayaƙi, ta yi sadaka. Ni na ga ba sauƙi, na shiga lallashi. Ban yi masa faɗa ba, ban ce da shi mahaukaci ba. Kullum in na dawo aiki sai in zauna kusa da shi mu sha shayi, in saka maganar kaɗan in janye. Damina ta zo ta wuce kafin ya yarda, kuma da sharaɗi ɗaya: kada kowa ya sani. Nakan ɗauke shi a babur, in ba shi hular kwano mai gilashi, mu ce wa mutane kasuwar Dantokpa za mu. In sauke shi nesa da ƙofar asibiti ya ƙarasa da ƙafa. A can an ce masa abin da ya faɗa a ɗakin likita a ɗakin zai tsaya. Ya yarda da ku. Ya samu sauƙi, ya koma kasuwa, ya yi ƙiba, har yana tsokanata cewa ni ne ya kamata a duba tunda na ƙi aure.

Na uku. Abin da ya biyo bayan tafin nan. Kafin la'asar baƙi biyu sun kwashe ragunansu sun kai wa wani dillali. Ba su yi faɗa ba, cewa suka yi zaurenmu ya yi musu zafi. Sauran suka bi a hankali. Babu wanda ya zage shi, Madam, mutanenmu ba haka suke yi ba. Gaisuwa ce ta canza. Wanda da yake ce masa ina kasuwa, yanzu sai ya sassauta murya ya ce yaya jiki. A masallaci wurinsa bayan liman ne, inda ake tsayar da wanda zai iya jan salla in wani abu ya samu liman. Ran nan ya zo ya tarar an tsayar da wani, aka matsa masa gefe cikin ladabi. Bai sake zuwa sahun gaba ba. Yanzu a ɗaki yake salla.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Yaya ya daina shan magani. Ya ce ba zai sake haɗiye ƙwayar mutanen da suka sayar da shi ba. Ranar komawa asibiti ta zo, na tayar da babur, ya ƙi fitowa. Ina ganin alamun da na sani suna dawowa ɗaya bayan ɗaya: abinci yana komawa kicin yadda aka kawo, idonsa ya yi ja, jiya na ji yana magana a ɗaki alhali matarsa tana tsakar gida. Inna ta ce tun farko ta faɗa, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ta aika wa ƙaninta, suna shirin kai shi wani gidan magani a ƙauye. Na taɓa kai fasinja irin wannan gida. Na ga ƙafafun mutane a mari. Har yanzu ina tare maganar, amma ni ƙarami ne a gidanmu, kuma hujjar da nake da ita ku ne kuka karya ta.

Na biyar. Kun zo ne don mutane su daina ɓoye marasa lafiya. Ɗan zem yana jin abin da likita ba ya ji, domin mutum in yana bayanka ba ka ganin fuskarsa, bakinsa yakan buɗe. Akwai wata baiwar Allah da ta roƙe ni in kai mijinta inda ake duba irin wannan ciwo. Mun sa rana. Tana wurin taronku. Washegari ta tare ni ta ce a bar maganar, ya ji sauƙi. Bai ji ba, ina wucewa ta ƙofarsu. Wannan shi ne wayar da kan da kuka bari a Zongo.

Na je ofishinku a Cadjèhoun. An ba ni kujera, an ba ni ruwan sanyi, an ce ma'aikaciyar ba da mugun nufi ta yi ba, kuma ciwon ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne. Na yarda da duka biyun. Amma wanda zai yanke cewa lokacin faɗa ya yi shi ne mai ciwon, ba mai lasifika ba. A ƙarshe aka ce in kawo shi a yi magana. Da zai zo, me zai kai ni ofishinku?

Abin da nake roƙo ba kuɗi ba ne, kuma ban ce a kori kowa ba.

A turo nas ɗin da yake ba shi magani, dattijon nan mai furfura, ya zo gidanmu da kayan gida, a bayan babur ɗina, ba da motarku mai rubutu ba. Ya yi sallama a zaure kamar kowane baƙo, ya ba Yaya haƙuri da bakinsa a madadinku. Shi kaɗai nake jin zai iya saurara. A yi wannan kafin kawuna ya iso.

In za ku sake zuwa, ku fara zama da limamai da shugaban dillalai da matan unguwa, ku tambaya yadda ake irin wannan magana a nan. Ku ɗauki mutum daga cikinmu aiki, ba tafinta kawai ba. Kuma kada a sake kiran sunan kowa, a Zongo ko a Akpakpa ko ko'ina, sai shi ya ɗaga hannu da kansa.

Allah Ya ba ki ikon gyarawa, Ya rufa miki asiri ke da iyalinki, kada Ya nuna miki ranar da za a tafa wa naki a bakin titi.

In ana shakkar maganata, ba ni kaɗai na gani ba. Alhaji Ɗanjuma mai goro yana kujerar gaba. Malam Idi ladan yana wurin, da Inna Rakiya mai koko, da Jauro Bello, wanda ya fara kwashe ragunansa. Nas ɗin nan naku ma yana zaune a ƙarshen teburi. Shi bai tafa ba. Ki fara tambayarsa.

Wassalam.

Nasiru ɗan zem,
Zongo, Kwatano.