Kaka Na Neman Yaron Mota

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina miki gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah ya buɗa miki karatu, ya haɗa ki da abokan zama na kirki, ya dawo mana da ke lafiya. Mu nan duk lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi har tana shara da kanta idan ba a ɓoye tsintsiya ba. Mahaifiyarki ta zo ran Juma'a, ta yini, ta kuma yi mini faɗa kan tarin takardun ɗalibai da na jibge a falo, kamar har yanzu ni ne ƙaramin ƙanen da take goyo. Labarin Kakanki kuwa na bar shi zuwa ƙasa, domin ya shiga cikin amsar tambayarki.

Kin ce kin tara abin da kika samu daga aikin hutu, kuma na'ura ɗaya kawai zai iya saya: ko kwamfuta mai ƙarfi, ko akwatin wasan nan da ake jonawa da talabijin. Ruɗanin da kika shiga shi ne wanda ɗalibaina ke shiga kullum. Suna ɗauka kowane wasa zai yi a kowace na'ura, don haka tambayarsu ba ta wuce wacce ta fi ba. To, ba haka abin yake ba. Akwai wasannin da aka ƙera don akwatin wasa kaɗai, akwai waɗanda sai a kwamfuta. Wanda ya zaɓi na'ura ya zaɓi wasanninsa ke nan, har da mutanen da zai riƙa wasa da su.

Ba zan rage wa akwatin wasa darajarsa ba, don abu ne da aka yi da basira. Ranar saye ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Ki jona waya, ki ɗauki rimot, shi ke nan, babu wani kunce-kunce ko gyare-gyare. Wasan nan da kike ta ba ni labari, na yarinyar da ke hawa duwatsu tana neman ƙanenta, na je gidan abokina malamin lissafi na gan shi da idona. Wallahi na daɗe baki buɗe. Iska na kaɗa ciyawa, ruwa na jiƙa mata riga, har numfashinta kana ji idan ta gaji. Irin waɗannan wasanni kamfanin yake riƙewa ya hana kowa, don su ne ke ja masa masu saye, kuma sun cancanci a yi marmarinsu. Sai dai ki sani, kuɗinsa a baya yake zuwa. Sabbin wasanninsa na da tsada, kuma yawanci sai kin riƙa biyan kuɗin wata-wata kafin ki yi wasa da wani ta intanet.

Kwamfuta ita kuma tun a bakin ƙofa take tatsar mutum, musamman ɓangaren da ke fitar da hoto. Amma bayan nan sai ta sassauta. Ana yawan yin rangwame a wasanninta, tsofaffin wasanni suna ci gaba da aiki, kuma idan wani sashe ya gaza sai ki canja shi kaɗai, abin da na san zai yi wa mai kwance rediyon Inna tun tana 'yar firamare daɗi. Ga zanen injinan da ake ba ku a makaranta, shi ma za ta ɗauka. Abin da ya fi burge ni shi ne yawan nau'in wasannin. Akwai na noma, akwai na gina gari da shimfiɗa masa bututun ruwa, akwai ƙananan wasanni masu ban mamaki da mutum biyu ko uku suka zauna a ɗaki suka ƙirƙira. Daga cikin irin waɗannan ne ɗaya ya shigo gidanmu ya canja mana zama.

Kin san yadda Baba, wato Kakan naki, ya koma tun da likita ya hana shi tuƙi muka karɓe makullin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan babbar mota sai ga shi a kujera gefen taga, yana bin kowace mota da ido. Ke kanki kin yi mini ƙorafin cewa idan kin kira shi, daga lafiya lau sai ya miƙa wa Inna wayar. Na fara aro akwatin malamin lissafi na sa masa wasan tseren motoci. Ya yaba hasken fitila a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, amma bai yi nisa ba ya ajiye rimot ɗin. Ya ce yatsunsa sun fi ƙarfin waɗannan 'yan maɓallai, kuma waɗannan ba direbobi ba ne, mahaukata ne aka ba mota, da yaransa ne da tuni ya sallame su.

Malamin ne ya ba ni labarin wani wasan tuƙa tirela da ya ce a kwamfuta ake samunsa. Babu tsere, babu harbi. Kaya za ka ɗauka ka kai wani gari lafiya. Na same shi cikin rangwame, na sa a tsohuwar kwamfutar da nake shirya darasi da ita, mai gyaran kwamfuta na bakin titi kuma ya samo mini sitiyari na hannu da birki da totur, muka ɗaure a teburin cin abinci. Baba ya zauna yana harararsa. Ya gyara kujera, ya duba madubin hagu, ya duba na dama, ya yi bisimilla. Injiniya, da kin ga yadda ya shigar da tirelar nan da baya tsakanin motoci biyu, hannu ɗaya a kan sitiyari, bai gogi komai ba. Ni da na yi ta gwadawa ina tumbuke fitilun titi sai na ji kunya ta kama ni. Ya kalle ni ya ce ashe duk digirin nan ba a koya mana ribas ba.

Yanzu ba ya juyawa sai ya kunna sigina, ko da babu kowa a hanyar. Na nuna masa maɓallin da ke tsayar da wasan cak, ya ce shi bai taɓa barin mota a tsakiyar titi ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Idan aka kira salla sai ya nemi wuri mai faɗi, ya sauka gefe, ya ja birkin hannu, sannan ya tashi. Inna kan tsaya da kwano tana cewa Direba, abinci na hucewa, shi kuma ya ce ta yi haƙuri, kayan mutane ne a bayansa. Ta ce ta yi zaton ta rabu da jiran mai tafiya, ashe tafiyar ce ta biyo shi har falo. Amma na ga tana murmushi idan ta juya.

Abin da na fi so ki sani shi ne, idan yana tuƙi bakinsa na buɗewa. Hannu na kan sitiyari, ido na kan hanya, sai labarai su yi ta zuba: gadar da ta karye da su, yadda ya kwana uku yana gadin kaya a daji, ranar da aka haifi mahaifiyarki yana can nesa aka aiko masa. Wasu ni kaina ban taɓa ji ba. Wasan kuma yana ba mutum biyu damar tafiya a jere, kowa da motarsa, suna magana ko da ƙasashe ne tsakaninsu. Da na gaya masa haka sai ya ce in faɗa wa Injiniyar nan yana neman yaron mota, babu albashi, kuma in ta taka birki a kan kwana zai sauke ta a hanya.

Ban rubuto don in matsa miki ba. Guminki ne, kuma wasan da kike so ba abin raini ba ne. Idan kika zaɓe shi babu mai ganin laifinki. Abin da nake roƙo kawai, kada ki yanke hukunci da maganata. Ki ari kwamfutar ƙawarki ta ɗaki, zan aiko miki da wasan ta intanet, ki gwada tafiya ɗaya da shi ran Asabar, sannan ki je kasuwa.

Inna na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Gwaggonki da yaran gidan, Auta da Sarkin Surutu, duk suna gaisuwa. Ki gaishe mini da ƙawar taki da matar da kuke haya a gidanta. Kakanki bai ce in gaishe ki ba. Ya ce ya riga ya yi lodi, ya faka a bakin hanya, kuma ba zai tayar da mota ba sai ya hango fitilarki a madubi.

Naki har kullum,
Kawunki Malam