Kabarin Aro a Umudara

Amaeke, Janairu 2006

Zuwa ga yayana Obidike,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Mama, ita ma da sauƙi.

Dede, babban yayana, nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. An zo neman Papa.

Ranar kasuwa Fada, limamin cocinmu, ya shigo gidanmu da wata Baturiya doguwa, Inga, daga Norway. Ubanta ne ya tuƙa jirgin saman da Papa ya shiga na ƙarshe lokacin yaƙin basasa, sa'ad da suke jigilar busasshen kifi da madara daga tsibirin Sao Tome zuwa filin jirgi na Uli. Shekara da shekaru tana bin sawun jirgin, tana zuwa wurin tsofaffin matuƙa ɗaya bayan ɗaya, har wani ya ce mata ai ba su uku ba ne a ciki, akwai na huɗu, wani makanike baƙar fata, Cyprian mutumin Amaeke, wato Papa. Ka ji fa! A ƙasarsu mutum uku ake yi wa kuka, har an sassaƙa sunayensu a dutse. Buhun kifi ma ya fi Papa gata, shi an ƙirga shi.

Papa bai gudu ba, Dede. Kai da ka rantse ba za ka ƙara ambatar sunansa ba, wai ya samu wata a Sao Tome ya manta da mu, sai ka san yadda za ka yi da bakinka. Jirgin faɗuwa ya yi, kuma a Umudara, garin da nake ratsawa duk wata in zan je saro manja.

Mama ko ƙwalla. Tana ɓarar agushi, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Ku ba baƙuwa ruwa." Na ce ruɗewa ce. Mace ta shekara talatin da shida tana cewa mijinta zai dawo, me kake so ta ce?

Jibi za mu Umudara. Abu ɗaya nake so, in kawo ƙasusuwan Papa gida a binne shi a tsakar gidansa kamar kowane magidanci. Aikinka ne, kai ne ɗan fari, amma na san ka, za ka ce babu hutu a wurin aiki. Zan je.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Ugonma

Amaeke, Fabrairu 2006

Dede Obidike,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Na ga saƙonka, har da tambayar itacen da ya fi kyau a yi akwati da shi. Riƙe kafintanka tukuna.

Mun je. Wani tsoho, Nwokedi, wanda yana cikin waɗanda suka ciro mutanen daga jirgin, shi ya kai mu bayan coci. Kabari uku a jere, an shafe su da siminti, an share tas. Inga ta durƙusa tana ta kuka, na riƙe ta, wallahi na taya ta. Da ta lafa na ce, "Baba, ina nawa?"

Ya dube ni. Ya ce, "'Yata, Turawan nan gidansu bayan teku, wa zai zo ɗaukarsu? Sai muka ba su ƙasa har abada. Shi kuwa namu ne. Da harshenmu ya nemi ruwa, ya faɗi sunansa da garinsu kafin ya cika. Ta yaya za mu binne ɗan mutane a ƙasar da ba ta ubansa ba, kamar wanda ba shi da kowa? Aron wuri muka ba shi a bakin hanya, rami ba zurfi, don in danginsa sun zo kada su sha wahalar tono."

Ka ga mutunci, ko? Mutuncin nan shi ya cinye Papa. Bayan wasu shekaru aka zo faɗaɗa hanya, katafila ta bi ta wurin ta kwashe komai. Tsohon ya kai ni, ya tsaya yana nuni da sanda, nan ne, a'a, ko can gaba kaɗan. Kwalta ce kawai, Dede, manyan motoci suna ta wucewa. Ni ma na sha bi ta kai da jarkokin manjana.

Raina ya ɓaci, na manta da furfurarsa. Na ce, "To ku da kuka san garinsu, ƙafafunku karyewa suka yi?"

Ya ce, "Kai, yarinya, iya bakinki! Da yaƙi ya ƙare ni da kaina na taka har Amaeke, ni da ɗan'uwana, ba sau ɗaya ba. Muka tambayi gidan Cyprian aka nuna mana. Wata mata da goyo a bayanta ta fito mana da taɓarya, ta ce mijinta yana Sao Tome da ransa, mu kai gawarmu gaba. Muka koma, ta sake korar mu. Mu yi yaya? Mu tusa mata?"

Dede, ni ce goyon.

Tun da na dawo ban iya kallon Mama ba. Ina dafa mata abinci, ina shafa mata magani a ƙafa, amma idona na ƙasa. Ita ma ba ta tambaye ni yadda muka yi ba.

Ka yi mini addu'a kada in faɗi abin da ba ya ɗaukuwa.
Ugonma

Amaeke, Maris 2006

Yayana,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Na ji shiru daga wajenka, ban kuma yi mamaki ba.

Inga ta koma. Ta yi alkawarin za a ƙara sunan Papa a dutsensu. Mutuniyar kirki ce, amma ka duba, sunansa zai samu wurin kwana a ƙasar da bai taɓa takawa ba, ita kuma ta tafi da hoton kabarin ubanta a jaka. Ni na tashi da ƙurar hanya.

Na faɗa wa Mama. Ban yi niyya ba, muna fere rogo ne kawai bakina ya kuɓuce. Na ce, "Mama, kin tuna wasu maza biyu daga Umudara?"

Ta ce, "Ɗaya gajere, mai tabo a goshi. Tun da na ga idonsa na san gaskiya yake faɗa."

Na yi ihu, Dede, har maƙwabta suka leƙo. Na ce kin bar mijinki a bakin hanya kamar mushen kare, kin bar ɗanki ya girma yana zagin ubansa! Ta bar ni na gama, sa'an nan ta ce:

"Kin gama? To saurara. Da na ce na yarda, kafin rana ta faɗi matan danginsa sun aske mini kai sun zaunar da ni a ƙasa. In na fita takaba, Okorie ƙanen ubanku ya gaje ni, yadda ya gaji kekensa. Kin san Okorie. Je ki tambaya da haƙora nawa matarsa ta koma gidan iyayenta. A hannunsa kike so in raine ku? Muddin babu gawa, ni matar Cyprian ce, ba mai taɓa ni. Na ce bari Okorie ya mutu in je in ɗauko mijina da kaina. Okorie ya ƙi mutuwa, hanya ta riga shi."

Har yanzu ina jin haushinta, ba zan ɓoye maka ba, kuma na san da wannan ƙaryar muka ci muka girma. Ban san inda zan ajiye duka biyun ba.

Jiya ta aike ni kasuwa in sayo reza. Ta ce tunda yanzu duniya ta san mijinta ya mutu, a yi masa abin da ya kamata. Ka san 'ya'ya matan gidan miji ke yi wa matar mamaci askin, kuma duk sun mutu, ni kaɗai na rage. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Za ki iya, ai kina fushi da ni."

Ranar Asabar ne. Akwatin da ka tambaya babu abin da za a sa a ciki, kada ka wahalar da kafinta. Kai dai ka zo, Dede, ka riƙe mata kai in yi askin.

Ƙanwarka,
Ugonma