Fuskar da jikata ta zana ba ta matata ba ce

Malama mai wannan fili, ki taimake ni da shawara. Ban yi karatu ba, maƙwabcina ke rubutawa, kuma na hana shi gyara mini magana.

Shekarar da babbar kasuwa ta ƙone, wutar ta ci har layinmu. Matata ta koma ɗaki ta ɗauko ɗanmu, ta fito da ƙuna daga kunci zuwa wuya. Hotonta ɗaya tak da muke da shi, a nan ya ƙone, ita kuwa ba ta ƙara yarda an ɗauke ta ba har Allah ya karɓi abarsa, yaron bai gama wayo ba. Yau duk zuriyarmu ni kaɗai na rage wanda ya san fuskarta sosai. A kaina take.

To, ɗan nan da ta ceto ya haifi 'ya, ta ci sunanta. A makarantarsu yanzu an daina zane da fensir, an ba su wani allon gilashi da suke zane a kai da tsinke. Malaminsu ya ce kowa ya zana wani nasa da ya rasu, daga bakin tsofaffin gida. Ta zo ta tsare ni, tana yi mini tsiya wai na tsufa ban iya kwatance ba. Na faɗa mata komai, har idon hagu da ya ɗan lumshe, har tabon.

Da ta kawo, sai ga wata kyakkyawa sumul. Babu tabo. Wai akwai inda ake latsawa fata ta goge. Kowa a gidan yana yabo. Ni na tashi na bar musu ɗakin.

Abin da ke cin raina, wanda ban gaya wa kowa ba: tun ranar, in na rufe ido ina nemanta, wannan baƙuwar ke fitowa. Tawa tana dusashewa. An ce za a buga zanen a rataye a makaranta da sunan matata a ƙasa. Yarinyar ta daina shigowa wurina. Ɗana ya ce rigimar tsufa ce. Ya faɗi abin da yake so. Gobe da safe zan ɗauki sandata in je makarantar, in ce su goge zanen, su kuma cire yarinyar daga ajin.

Tsohon Bayan Kasuwa

Baba, Allah ya jiƙan Inna.

Kana da gaskiya a kan tabon. Da shi ta sayi ran ɗanka, hoton da babu shi bai cika ba. Malamin ma da aiki a gabansa, don bai isa ya nuna wa yara inda ake latsawa ba, sai ya koya musu abin da ba a gogewa.

Amma ka duba yarinyar. Ba ta taɓa ganin kakarta ba. Wataƙila ta goge ne don tana zaton ganin ƙunar zai sosa maka rai. Ka tambaye ta? In ka cire ta daga ajin, abin da za ta riƙe shi ne ta nemi kakarta an hukunta ta.

Zan faɗa maka mai ɗaci kuma. Dusashewar nan ba allon kaɗai ya kawo ta ba, shekaru ma suna nasu. Fuskar da mutum ɗaya ke riƙe da ita tana cikin haɗari.

Ka je makarantar, amma ka roƙi a dakata da bugawa. Alherin wannan allo shi ne ana gyara zane sau nawa aka so ba tare da ya lalace ba. Ka kira jikarka da kanka, kada ka aika. Ka ba ta labarin yadda tabon ya samu, a gaban ubanta. Sannan ku zauna, tana ja kana cewa ba haka ba, har sai ka ga matarka.

Allah ya ƙara lafiya, Baba, ya sa ka gane ta da kallo ɗaya.