Sunan Sani a bakin mai kukuma

Asabar, bayan isha'i

Shekara ashirin ina bin waƙoƙin tsohon mai kukumar nan na Likoro, duk na haddace su. Abokina Sani kuwa sai waƙoƙin zamani, kullum yana min dariya wai ina jin kiɗan tsofaffi.

Yau za mu biki a Paki, ashe tsohon ma can za shi, motarsa ta lalace a hanya, Sani ya ɗauko shi a babur. Shi ke nan fa! Tsohon yana fara kiɗa a wurin bikin sai ga sunan Sani a waƙar da na fi so. Ina gaba-gaba ina amshi, ko kallona bai yi ba.

Da muka tashi Sani ya ce, "Wai ya ma sunan tsohon nan?"

Har yanzu ban ci tuwona ba.