Allin Da Na Wanke

Gwaggo, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana. Ina tsaye a bakin gadon asibiti da kwanon abinci a hannuna na gane abin da na aikata. Ƙanin maigidana yana kwance an naɗe masa rabin fuska, yana gaya wa masu dubiya yadda abin ya faru. Ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, Yayansa bai taɓa ajiye mataccen faifan injin yankan ƙarfe ba tare da ya ja masa alli ba, kuma wannan sai da ya juya shi gaba da baya kafin ya ɗaura, fes yake, ko ɗigon alli babu. Gwaggo, ni na wanke allin.

Bari in koma baya don ki gane. Maigidana mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake yi. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa, bai cika sati uku a kwance ba. Allah ya jiƙansa. Shekara goma sha shida muka yi tare, amma abin da na sani a sana'arsa bai wuce wankin rigunan da tartsatsi ya huhhuda ba. Yakan tsokane ni ya ce da zan samu dama, har wutar waldar sai na cuɗa ta da sabulu. Gaskiyarsa ce, ba na iya ganin datti in wuce.

Bayan rasuwar shagon ya zauna a rufe. Sai ƙaninsa, wanda tare suka koyi aikin, ya ce zai bar inda yake ya dawo ya riƙe shi saboda yarana. Saura kwana biyu ya fara na ɗauki makulli na tafi shara. Kofin shayin baban yara yana kan benci yadda ya bar shi, silifas ɗinsa na bakin ƙofa. Na yi kukana na ƙoshi, sannan na ɗaura zani na kama aiki.

Akwai faya-fayan nan da ake ɗaura wa injin yankan ƙarfe. Wasu suna cikin kwali a kan kanta, wasu a cikin tsohon bokitin fenti a ƙarƙashin benci, duk ƙura, an yi musu zane da farin alli. Na ɗauka ɓarnar ƙaramar 'yata ce. Waɗanda suka cinye suka koma kamar murfin kofi na zubar da su, ko ni na san sun gama aiki. Amma shida daga ciki suna da faɗinsu, kamar ba a taɓa su ba. Na ce a raina kayan arziki a bokiti, lallai ciwo ne ya hana shi kintsa su. Na haɗa su da na kwali na jiƙa a baho, na dirje su da soso, na shanya a rana, na jera su gaba ɗaya a kwalin. Wallahi a zuciyata hidimar ƙarshe nake yi wa mijina.

Da ƙanin ya zo ya ga wurin, dariya ya yi, ya ce matar Yaya ta mayar da shagon walda ɗakin amarya, yanzu sai ya cire takalmi kafin ya shiga. Na ji daɗi, ranar ce na fara yin murmushi tun bayan rasuwar.

A kwana na tara da fara aikinsa faifai ya tarwatse yana cikin yanka. Ɓari ɗaya ya tsaga shi daga kunci har gira. Likita ya ce idon bai fashe ba, amma ba a san yadda ganinsa zai kasance ba. Gilashin aikinsa yana goshi lokacin, ya ɗaga shi saboda gumi.

Daga baya, ba tare da na nuna komai ba, na tambayi tsohon mai waldar da ke maƙwabtaka da shagon. Ya ce marigayi duk faifan da ya faɗi ƙasa, ko ya ji yana rawa a inji, ko ya ga tsaga ko kamar gashi ce, sai ya ja masa alli ya jefa a bokiti. In bokitin ya cika ya sa guduma ya farfasa su, don kada masu tsince-tsince su ɗauka su sayar wa wani. Ciwo ya kwantar da shi bokitin bai cika ba.

Yanzu abin da ke cin raina shi ne maganar mutane. Ana cewa ciwo ya sa marigayi sakaci. Yayar maigidana ta ce a gabana, ashe ajali ya bar wa ƙaninsa a kwali. Surukata kuwa sai ta share hawaye da bakin mayafi. Ni kuma ina zaune ina ji. Mutumin da ke fasa faifai don kare wanda bai sani ba, shi ake kira mai sakaci, kuma ba ya nan balle ya kare kansa.

Ƙanin ya ce da an cire masa zaren ɗinkin fuska mako mai zuwa zai koma aiki. Kwalin yana nan, biyar ɗin suna ciki, ni kaina ba zan iya ware su ba. Makulli ɗaya yana hannuna. Na yi tunanin in je in kwashe in zubar a ɓoye, amma sunan mijina fa? In kuma na faɗa, a gidansu nake zaune da yara huɗu. Da wane ido zan kalli surukata, ɗa ɗaya ya tafi, ɗayan na nakasa mata shi? Ban yi karatu mai zurfi ba, ki yi haƙuri da yadda na rubuta.

Matar mai walda

'Yar'uwata matar mai walda,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ƙaninsa lafiya. Zan fara da abin da ba ya jira, kunya ta biyo baya.

Na kai bayaninki wurin wani da ya tsufa a wannan sana'a, ban ce daga wa ba. Ya ce ba biyar ɗin kaɗai ba, kwalin gaba ɗaya ya mutu. Irin waɗannan faya-fayan da wani irin danƙo ake haɗa su, kuma jiƙa su a ruwa yana raunana su ko da sun bushe sun yi kyau a ido. Saboda haka babu batun warewa. A sa guduma a fasa su duka, yadda mijinki yake yi.

Kin ɗauka faifai yana mutuwa ne in ya cinye ya ƙanƙance. Wannan hanya ɗaya ce, kuma ita ce mafi sauƙin gani. Wanda ya faɗi ƙasa, wanda bakinsa ya ɓantare, wanda ya lanƙwashe, wanda ya sha laima, wanda ke sa inji rawa ko sauya kuka, duk sun gama, ko da faɗinsu bai ragu ba. Da yawa ma akwai kwanan wata a jikin zoben ƙarfen tsakiya, in ya wuce a bar su. Masu sana'a ke sanin wannan, ke ba wanda ya taɓa gaya miki.

Ba zan ce ba ki da hannu ba, don kin san kina da shi, kuma ba za ki yarda da ni ba. Kin taɓa kayan sana'ar da ba ki sani ba, ga maƙwabci tsoho kusa ba ki tambaya ba. Amma a auna da adalci. Alama ce da ruwa ke gogewa, kuma ba a sanar da mai wanki ba. Shi ma ƙanin, faifan da ya yi watanni a rufaffen shago ya kamata ya fara kunna shi ba a kan ƙarfe ba, ya kauce gefe ya saurara, kuma gilashi ba don goshi aka yi shi ba. Kuskuren wanki an gama shi, cikin rashin sani da ƙauna kika yi. Shirun da kike yi yanzu kuwa da saninki ne, kullum sai kin sake shi.

Kada ki zubar a ɓoye. Zai ceci fuskar ƙanin, amma ya bar sunan mijinki a bakin mutane, ke kuma ki ɗauki wannan kaya har tsufa. Ki fara da ƙanin shi kaɗai, ba a gaban masu dubiya ba. Ki tafi da tsohon maƙwabcin in kina jin ba za ki iya ke kaɗai ba. Ki faɗa masa yadda kika faɗa min, har da bahon da soson. Yana iya yin fushi, haƙƙinsa ne, ki ba shi lokaci. Amma ki tuna shi ne yake kwance a gadon asibiti yana cewa Yayansa ba ya haka. Mai neman amsar nan yake, kuma tana hannunki. Bayan shi sai surukarki, ku je tare. Uwa ce da aka ce mata ɗanta ya tafi ya bar tarko, za ki mayar mata da shi yadda ta san shi.

Ban yi miki alkawarin za a tafa miki ba. Wataƙila yayarsu ta yi magana, wataƙila gidan ya yi sanyi na ɗan lokaci. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya raya miki yaranki, ya mayar wa ƙaninku ganinsa.

Zaren fuskarsa saura mako guda a cire. Kwalin yana kan kanta ba a fasa ba, shi kuma har yanzu bai sani ba.

Gwaggo