Muryar Tsakiya ta Lasgari Ta Yi Shiru

Cikin alhinin da ya rufe kowane gida a wannan kwari, Kwamitin Shirya Bikin Kiɗa da Waƙa na Bazara na ƙauyen Lasgari yana sanar da jama'ar yankinmu na Svaneti, da baƙinmu makaɗa da mawaƙa da suka hawo dutse daga Tbilisi da Kutaisi, da duk masoya wannan biki na kusa da na nesa, cewa ya samu labarin rasuwar ubanmu kuma malaminmu, jagoran mawaƙan Lasgari, mai riƙe da muryar tsakiya, ɗaya daga cikin mutum huɗu da suka kafa wannan biki, Batoni (wato Malam) Domenti Gigani, wanda yaro da babba ke kira Kawu Domenti. Ya rasu da hantsin ranar Litinin, rana ta uku ta bikin bana, yana da shekara tamanin da ɗaya. An same shi a gangaren gonarsa, inda ya fita yankan ciyawar hunturu kamar yadda ya saba, laujensa a gefensa. Da yammar wannan rana aka tsara zai hau dandamali. An binne shi jiya Alhamis a makabartar majami'ar ƙauye, kuma da gangan muka jinkirta wannan sanarwa, domin akwai maganar da sai bayan jana'iza za ta faɗu.

Shekara hamsin da biyar marigayi ya yi yana jan waƙa a Lasgari. Waƙarmu ba ta mutum ɗaya ba ce, sai murya uku sun haɗu, ta sama da ta ƙasa da ta tsakiya, kuma ta tsakiyar ce ke ɗauko waƙa ta nuna wa sauran hanya. A shekarun nan na wahala, da wuta ta ɗauke, dusar ƙanƙara ta rufe hanya wata huɗu, ba a taɓa fasa taron mawaƙa na ranar Asabar a gidansa ba, ko da mutum uku ne suka zo. Ba mai sauƙin hali ba ne, kuma ba zai gode mana ba idan muka yi masa ƙarya a yau. Babu ɗaya daga cikinmu da bai taɓa kora gida ba saboda ya zo da warin giya, ko saboda ya buɗe baki kafin lokacinsa.

Shi ne kuma ya nace, shekara ashirin da biyu da suka wuce, cewa a gayyato makaɗan birni su zo su zauna da mu a farfajiya ɗaya. Ranar da 'yan goge huɗu suka fara kafa takardunsu a gaban majami'a, iska ta taso ta kwashe su, sai ya ce musu su yi sauri su bi waƙarsu, ga ta can ta nufi kogi. Washegari shi da kansa ya zo musu da maƙalan shanya na matarsa. Daga nan abota ta ƙullu tsakaninsa da Kalbatoni (wato Malama) Lamzira Kobalia, mai babban goge, wadda yake cewa katakon da take runguma ya fi mawaƙansa takwas na muryar ƙasa ƙirji. Ya ba ta waƙar huɗa da ta girbi, ya ba ta ta aure da ta rawa da ta reno, ta rubuta su, aka kaɗa su a manyan ɗakunan taro na birni. Duk abin da ke bakinsa ya bayar, ban da waƙa ɗaya.

Wannan waƙa ita ce zari, wadda maza ke raka gawa da ita. Kowane ƙauye da nasa, kuma namu hawa uku gare shi: na farko daga gidan mamaci zuwa gada, na biyu daga gada zuwa ƙofar majami'a, na uku daga ƙofar zuwa bakin kabari. Ba a yin zari sai da gawa a kwance. Ba a gwada shi, ba a maimaita shi, domin wanda ya ɗaga shi babu mamaci ya kira mutuwa gidansa. Shekara bakwai da suka wuce wannan kwamiti ya yanke shawarar a fito da shi dandamali tare da 'yan goge, kuma ni na jagoranci masu zuwa roƙo. Ya sa aka kawo mana kubdari, gurasar nan tamu mai nama a ciki, da zafinta, ya bari muka ci, ya saurari jawabina har ƙarshe, sannan ya ce, “Wa ya mutu? To, Ilarion, kai ne magatakarda, hau teburin nan ka kwanta mu naɗe maka hannu, yanzu in yi maka shi tun daga gida har kabari.” Bayan dariya ta lafa ya ce mai son koyo ya zo ya tsaya a kafaɗarsa ta hagu ranar jana'iza, yadda shi ya tsaya a ta mahaifinsa.

Ba mu tsaya a kafaɗarsa ba. Mai muryar sama da masu ta ƙasa sun san nasu, sun kuma sakankance cewa Kawu yana nan. Samari sun gangara birni. Mu kuwa manya, 'yan kwamiti, ranar jana'iza hidimar baƙi da tsarin wanda zai yi magana bayan wane ita ce ke cinye mu.

A nan dole in ajiye sunan kwamiti in yi magana da bakina. Shekara shida da suka wuce, a jana'izar wani maƙwabcinmu, na ɓoye ƙaramar na'urar ɗaukar murya a cikin kwat ɗina, na bi bayan marigayi daga gida har makabarta. Ya lura. Bayan an watse ya tare ni, ya tambaye ni abin da ya kumbura mini ƙirji haka, ni da ban taɓa ƙiba ba. Bayan kwana biyu na rantse masa a gaban hoton Waliyyi Giorgi cewa na jefa kaset ɗin a kogi. Ƙarya na yi. Na naɗe shi a tsumma na cusa a rufin gidana, kuma ban taɓa kunna shi ba ko sau ɗaya, domin ni ma ɗan ƙauyen nan ne, ina da jikoki. Shekara shida ina gaishe shi kowace safiya da wannan rantsuwa a wuyana.

Da yammar Litinin maza suka taru a tsakar gidan marigayi domin a ɗaga masa zari. Mai muryar sama yana nan, masu ta ƙasa takwas suna nan, aka tsaya ana kallon juna, babu mai ɗaukowa. Wasu suka ce a aika ƙauyen ƙetaren kogi a ɗauko mawaƙansu su yi masa nasu. Mutumin da ya raka mamatan Lasgari shekara hamsin da biyar da waƙar Lasgari, a ce za a binne shi da ta wani gari, kamar a binne mai gida da rigar aro. Da safiyar Talata na hau rufi na sauko da kaset, na ajiye shi a gaban uwargidan marigayi, Kalbatoni Tsiala Gigani, na faɗi abin da na yi a gaban kowa.

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce tunda yanzu ga gawa, ana iya kunnawa, amma a ɗakin da yake kwance kaɗai. Ba za a shigo da takarda ba, ba za a shigo da na'ura ta biyu ba, Kalbatoni Lamzira da abokan kiɗanta kuma su yi gaisuwarsu daga bayan shinge, domin ta san kunnensu rubutu yake yi. Ranar Alhamis da tsakar rana kaset zai shiga akwatin gawa. Kayansa ne, in ji ta, da shi zai tafi.

Wanda nauyin ya faɗa wa shi ne Jokola Nakani, ɗan ƙanwar marigayi, direban motar katako mai shekara hamsin da biyu, wanda ya taɓa tsayawa a kafaɗar kawunsa sau biyar ko shida. Kwana biyu yana zaune a gefen gawar, muryar kawunsa na fitowa daga na'ura, shi yana binta, mata suna kuka. Kwamiti yana shaida cewa bai rage komai daga ƙoƙarinsa ba, har muryarsa ta dushe. Ya kama hawa na farko ranar Talata, ya kama na biyu da azahar ɗin Laraba. Na uku shi ne mafi tsawo da wuya, kuma a daidai nan kaset ɗin ya lalace, domin a wancan lokaci marigayi ya waigo, tsoro ya kama ni, na ja da baya na rufe kwat ɗina. Abin da ake ji kawai shi ne gogar tufafi da takun ƙafata, muryar tana ɓullowa tana nutsewa. Ko satar ma ban iya ba.

Da safiyar Alhamis na durƙusa wa Kalbatoni Tsiala, na roƙe ta ta bar mana kaset ɗin zuwa kwana arba'in, ko a samu mai gyara sauti a birni ya fito da abin da ya ɓace. Ta ce, “Gawa sittin da uku aka fitar daga ƙauyen nan tun da kuka kafa bikinku, ni ce mai goge masa takalmin zuwa, ban manta ko ɗaya ba. Kowace ɗaya ya yi muku zarin a fili, har kabari. Kana ina, Ilarion? Kana bakin tebur kana gyara jawabi.” Da tsakar rana ta ɗauki kaset ɗin ta sa a ƙarƙashin hannayensa, aka rufe akwati.

Daga gida zuwa gada an yi zari yadda ya kamata. Daga gada zuwa majami'a tsofaffi suna cewa ba a banbance muryar Jokola da ta kawunsa. A ƙofar majami'a ya ɗauko hawa na uku, ya yi numfashi huɗu a cikinsa, sannan ya tsaya. Mai muryar sama da masu ta ƙasa suka riƙe sautinsu suna jiransa, suka riƙe har numfashinsu ya ƙare ɗaya bayan ɗaya. Taku arba'in ne daga nan zuwa kabari, kuma an ɗauki Kawu Domenti wannan taku arba'in babu waƙa. Ban da ƙarar kogi da takalman masu ɗauka, ba a jin komai.

A zamansa na yau kwamiti ya soke abin da ya rage na bikin bana. Baƙinmu 'yan goge sun nemi izinin yi wa marigayi kiɗan bankwana, daga baya su da kansu suka janye, suka gangara ba tare da sun buɗe jakunkunansu ba, kuma muna gode musu da wannan kunya da suka nuna. Kwamiti ya karɓi murabus ɗina daga lokacin da na sa hannu a wannan takarda. Kwamiti yana kuma jan kunnen masu gunaguni, na birni da na gida, cewa babu laifin Kalbatoni Tsiala ko na Jokola a cikin abin da ya faru. Mai neman wanda zai zarga ya san ƙofar gidana.

A madadin kwamiti da mawaƙan Lasgari, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu Kalbatoni Tsiala, wadda ta yi shekara hamsin da takwas a ɗakinsa, da 'ya'yansa Eteri da Nazi, da jikokinsa bakwai, da dukan zuri'ar Gigani da ta Nakani. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa a cikin masu adalci. Allah ya ba iyalansa ƙarfin ɗaukar wannan rashi, ya tsaya musu a hunturun da ke tafe, ya sanyaya zuciyar Jokola. Za a yi addu'ar kwana arba'in a gidan marigayi, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa.

Daga yau duk wanda ya rasu a Lasgari za a raka shi da zari zuwa ƙofar majami'a ne kawai. Shekarata saba'in da huɗu, kuma likita ya riga ya gaya mini abin da ya gani a ƙirjina tun farkon bazara. Ina roƙon iyalina da mawaƙan ƙauye, a rubuce, a gaban jama'a, cewa idan ranar ta zo kada a aika ƙetaren kogi saboda ni. Jokola ya ɗauko namu ya kai shi inda ya tsaya, sauran hanyar a kai ni shiru.

Sa hannu:
Ilarion Kvitsiani
Magatakarda kuma Kakakin Kwamitin Shirya Bikin Kiɗa da Waƙa na Bazara, Lasgari
Juma'a, 1 ga Agusta, 2003