A koya wa masu shanya fatu

Zuwa ga Sarkin Fawa na kasuwarmu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Hajara, matar marigayi Malam Idi mahauci. Da hannuna na rubuta wannan, na kuma roƙi a karanta ta a bakin kasuwa, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Na farko. Tun da Allah Ya ɗauki maigidana, da fatun awaki nake ci da jikokina. Kai ma shaida ne: maza ke fiɗa, amma kankare kitse da shanya aikinmu ne, mu mata, a cikin gida.

Na biyu. Bayan Sallar Layya, Nasara ya turo mutum daga Damagaram ya nuna sabuwar shanya, wadda fatarta kaɗai kantin Turawa ke saye yanzu. Kai aka ba zaɓen masu koyo, ka tara maza zalla. Ban ce da mugunta ka yi ba, Allah Ya tsare ni da zato. Amma a cikinsu wa ya taɓa shanya fata?

Ƙanin mijina yana cikin waɗanda suka je. Ya dawo ya ce a daina kafewa a ƙasa, a rataye a inuwa, iyakar abin da ya riƙe ke nan. Na rataye a ɗaki, inda iska ba ta ratsawa. Fatu tara suka ruɓe, kuma da su na yi niyyar sayen geron da zai kai mu damina. Waɗanda na shanya a rana irin ta iyayenmu, dillali ya ture da ƙafa.

Na uku, roƙona. An ce mutumin Damagaram ɗin zai dawo kasuwa mai zuwa kafin ya wuce Belbeji. A kafa zana a gefen rumfa, mu tsofaffi da muka wuce kulle mu zauna mu gani, mu tambaya, sannan mu bi gidaje mu koya wa matan aure.

In hakan ya yi nauyi, ba zan yi faɗa da kowa ba. Zan zo da tabarmata da fata guda, in zauna inda idona zai kai ga hannunsa. Na faɗa tun yanzu don kada ka ce ban nemi izini ba.

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka gama da mu lafiya.

Wassalam,
Hajara matar Malam Idi.